Kwana Ɗaya Tsakanin Aurena da Ƙuri'ata

Na ga saƙonninku. Tun ranar da na gaya muku an sa mana rana ni da Gaetano wayata ba ta huta ba. Wannan ta turo furanni, waccan ta ce ta yi kukan daɗi, wata ma ta tambayi launin da ƙawaye za su saka. Na gode. Amma ku riƙe guɗar tukuna, ku ji abin da ya faru daga Alhamis zuwa safiyar yau Litinin, sannan ku gaya mini ko barka ta dace da ni ko jaje.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Nives, shekarata ashirin da tara, haifaffiyar Valmora, ƙauyen da duwatsu suka yi wa zobe. Ilmin gandun daji na karanta a Padova, na dawo gida ina aikin duba itatuwa. Gaetano malamin lissafi ne a makarantarmu, mutumin kudu ne daga bakin teku. Shekara uku muna tare, shekara uku dangina na kiransa "mai kifin nan", kamar sunansa zai ƙona musu harshe. Sai ga shi mako uku da suka wuce Barba Egidio, ƙanin mahaifina (Barba shi ne baffa a yarenmu), wanda ya fi kowa ƙinsa, ya shigo gidanmu da kwalba a hammata, ya ce yaron nan ya yi haƙuri, a yi abin a wuce wurin. Shi da kansa ya zaɓi rana, Asabar ta bayan Ista. Ni kuwa mai digiri biyu na rungume shi ina kuka. Ko sau ɗaya ban tuna cewa ruwa ba ya tsami banza ba.

Kun san an ba ƙasarmu babbar gasar wasannin hunturu ta duniya, kuma kwarinmu na cikin wuraren da aka zaɓa. Abin da ya faɗo rabonmu shi ne hanyar zamiya: wata doguwar kwata ta siminti mai lanƙwasa goma sha shida, wadda inji zai riƙa daskarar da ita, mutum biyu ko huɗu su shiga amalanken ƙarfe su sulalo ƙasa cikin minti ɗaya. Domin wannan minti ɗayan za a sare itatuwan lares ɗari shida a dajin bayan coci. Ni na auna su da hannuna. Akwai waɗanda suka girmi cocin.

A watan Janairu masu tsara gasar suka zo daga birni da kyawawan kwat da majigi. Suka nuna mana hoton wurin bayan shekara ashirin, yara na dariya, rana na haskawa, har da wata mata mai tura keken jariri. Kalmar "gado" na ƙirga ta sau goma sha huɗu a bakin mai jawabin, gadon da za mu bar wa 'ya'yanmu. Na ɗaga hannu na yi tambaya uku. Mutum nawa ne ke wannan wasan a duk ƙasar nan? Wa zai ci gaba da kunna injin sanyin bayan baƙi sun watse? Me ya hana a yi amfani da hanyar da ke tsallaken iyaka, tafiyar awa biyu, wadda ke aiki yanzu haka? Ya yi murmushi ya ce tambayoyi ne masu ma'ana, za a duba. Sai na ce masa ya juya ya leƙa taga. Daga nan ana hango dandamalin tsallen da kakanninmu suka gina don wata babbar gasa a zamaninsu. Katakonsa ya ruɓe, an kewaye shi da waya, ko akuya ba a bari ta hau. Na ce masa mu nan mun riga mun ci gado sau ɗaya, har yau bai narke mana a ciki ba.

Wasu suka tafa. Mafi yawa suka duƙar da kai suna kallon takalmansu, abin da mutanen Valmora suka fi gwanancewa a kai. Za su yi maka ƙorafi awa uku a kan kofi, in an zo wurin magana kowa ya zama kurma.

Abin da ya tsaya wa mutanen birni a wuya shi ne dajin ba na gwamnati ba ne. Na Regola ne, wato gidajen asali na ƙauyen, tun kafin a san da ƙasar. Ba a sayarwa, ba a rabawa. In za a canza amfanin ko taku ɗaya, sai an tara gidaje an jefa wake a akwati, fari na'am, baƙi a'a, kuma sai farin ya kai kashi uku cikin huɗu. Kowane gida murhu ake kiransa: murhu ɗaya, wake ɗaya. Wanda ba shi da murhu ko ƙofar zauren taron ba ya wucewa, balle ya yi magana.

Babana ya rasu bai bar namiji ba, don haka murhunsa na hannuna. Amma da sharaɗin da kowace yarinya a nan ta sani tun tana koyon tafiya: ranar da 'yar murhu ta auri baƙo, murhun ya mutu, a ranar, ba washegari ba. Na san da wannan, na kuma yi lissafina. Babban zaman Regola ranar Litinin ta Ista ake yi tun kaka da kakanni, ko yaƙi bai taɓa ɗaga shi ba. Na ce Litinin in tashi in yi magana in jefa baƙin wakena, Asabar in yi aure, murhun ya mutu da mutuncinsa.

To, ranar Alhamis da la'asar ina tsaye a kan kujera a ɗakin katakonmu, Mama na durƙushe da allurai a baki tana rage tsawon siket. Kayan auren kakata ne aka fito da su daga akwati: baƙin siket na ulu mai nauyin jariri, farar riga mai kumburarren hannu, ƙyallen gaba na siliki ruwan hoda mai furanni, da mayafin kafaɗa mai geza. A kan tebur alluran kai na azurfa na jere, irin masu furen da ke karkarwa in ka yi numfashi. Ɗakin na ƙamshin kafur da man shanu, don Mama ta ɗora tukunyar polenta, tuwon masararmu, tun rana. Ina kallon kaina a gilashin kabad, ina jin kamar na yi kyau, ba zan ɓoye muku ba.

Sai aka buga ƙofa. Barba Egidio ne, ya kakkaɓe jiƙaƙƙiyar ƙanƙara daga takalminsa, ya shigo da hularsa a ka da littafi a hannu. Bana shi ne shugaban Regola. Takardar kiran zama kuwa ba a aika ta gidan waya ko ta wayar hannu. Mutum ke ɗauka gida gida, ya miƙa hannu da hannu, mai murhu ya sa hannu a littafi cewa ya gani. Galibi wani ake aikawa. Wannan karon shi ya kawo da kansa.

Ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya ce kamar mahaifiyarsu ta dawo duniya. Ya miƙo takardar. Na karɓa daga kan kujerar, na soma karantawa. Zaman Litinin ta Ista: rabon itacen wuta, kiwon rani, gyaran rufin bukkar makiyaya. Na duba ƙasa. Batun filin gasa an ɗage shi zuwa zama na musamman, ranar Lahadi mai bi.

Sau uku na karanta kwanan watan.

"Barba, wannan Lahadin ai washegarin aurena ce."

"Ashe?" Ya leƙo takardar kamar bai taɓa ganinta ba. "Injiniyoyi ne ba su gama zane ba. Ni me na sani game da zane? Ke ce Dakta."

"Zanen yana ofishinmu tun watan jiya. Ni na karɓa."

"To, ba su gama wani ba."

Mama ta ce in tsaya tsaye kada ta soke ni. Na ce masa ya san dokar, ya san abin da zai faru da murhun wansa ranar Asabar da tsakar rana. Ya cire hula a ƙarshe, ya ja kujera ya zauna, ya ɗauki allurar azurfa ɗaya yana jujjuyawa.

"Ni na rubuta dokar? Shekara ɗari biyar tana nan. Ke kika tashi gaban baƙi kika ce a kare abin da kakanni suka bari. To, Dakta, ga abin da suka bari."

Jama'a, wannan maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Shekara biyu da suka wuce ni na kawo shawarar a soke wannan sharaɗin, na ce mace ba ta daina zama 'yar ubanta don ta yi aure. Suka yi dariya, wani tsoho ya ce gobe kuma sai in nemi a ba shanu ƙuri'a. Da aka juye akwatin, baƙin wake ya kusa zuba ƙasa. Yau ga ni ina kare dajin da zauren da bai ɗauke ni cikakken mutum ba, kuma da sandarsu za a kore ni.

Kada ku ɗauka Barba mugu ne irin na fim. Yana da otal mai ɗaki ashirin, 'ya'yansa biyu sun tafi birni ba su dawo ba. Ya yi magana mai tsawo, ni kuma ina tsaye a kan kujera kamar gunkin shagon tela. Ya ce a zamaninsa ajin farko yara talatin ne, bana bakwai. Ya ce gidan biredi ya rufe, likita sau biyu a mako yake zuwa, titin kwari duk bazara sai ya zabtare, kuma shekara ashirin suna rubuta takarda ba wanda ya amsa, sai yanzu da aka ambaci gasa aka turo masu awo. Ya ce itace yana sake tsirowa, amma ƙauyen da ya mutu ba ya tsirowa. Na ce masa titi da likita haƙƙinmu ne, ba tukuicin sare daji ba, kuma ba yaron da zai dawo Valmora don akwai kwatar da ba zai taɓa shiga ba. Na ce in gado suke so, su gyara gidajen da ke rufe su ba matasa, su mai da tsohon dandamalin wurin da yara za su koyi zamiya. Duk na rubuta wannan, shafi goma sha biyu, zan karanta a zaman.

Ya miƙe ya buɗe littafin a gabana, ya miƙo biro.

"Shekara uku kina kuka mu bar ki ki auri mai kifinki. Mun bari. Me kuma kike so?"

Na sa hannu. Sa hannun shaidar na gani ne kawai. Yana fita ya ce wa Mama a ajiye masa polenta, zai dawo.

Na sauko na ce wa Mama a ɗaga bikin mako ɗaya, shi ke nan. Ta ci gaba da zare allurai daga bakinta tana sokawa a matashi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kakar Gaetano mai shekara tamanin da takwas za ta hau jirgin ƙasa karon farko a rayuwarta, dangi ashirin da biyu sun ɗauki hutu. Ta ce tun Janairu in ta shiga kanti mata ke yin shiru, ita kuma a nan za ta tsufa, a nan za a binne ta kusa da Baba. Na tambaye ta ko ta san da maganar ɗage zaman. Ta ce in cire siket ɗin a hankali, ɗinkin wucin gadi ne.

Ina shiga ɗakina wayata ta fara ƙara. Tsoho Fulvio ne, mai kiwon zuma, shekararsa saba'in da huɗu, shi ke riƙe da lissafin masu baƙin wake. Da manyan baƙaƙe yake rubutu, don ya ce ƙananan ba ya ganinsu.

"KIN GA TAKARDA?"

"Na gani, Barba Fulvio."

"MURHU ƊARI DA SITTIN. MUNA BUƘATAR BAƘI ARBA'IN DA ƊAYA. MUNA DA TALATIN DA HUƊU, HAR DA KE."

"Na sani."

"GOMA SHA BIYU NA JIRAN SU JI KI. SUN CE SAI KIN YI BAYANIN INJIN SANYI DA RUWAN RAFI."

Na ce zan rubuta masa ya karanta.

"IN INJINIYA YA MAI DA MINI TAMBAYA FA? NI ZUMA NA SANI. 'YATA, BAN CE KADA KI YI AURE BA. NA FAƊA MIKI LISSAFI NE."

Na rubuta wa Gaetano: "Ka ji abin da Barba ya yi? Mu ɗaga mako ɗaya." Alamar ta nuna ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Mutumin da ke turo mini saƙo goma kafin in wanke fuska. Bayan minti ashirin abin da ya shigo shi ne: "Mu yi magana Lahadi bayan coci, masoyiya. Ba ta waya ba." Da hoton zuciya ɗaya. Ban taɓa ganin zuciyar da ta ba ni sanyin jiki irin wannan ba.

Juma'a da Asabar na kwashe su a kan tsohon kundin dokokin Regola ina neman ƙofa. Ko zan wakilta wani? Mataccen murhu ba ya da wakili. Ko a ɗaura a coci kawai a bar na hukuma daga baya? Sun riga ni, kundin ya ce "ta kowace hanya aka ɗaura". Kakannin nan namu ba su iya karatu sosai ba, amma wurin toshe wa mace hanya ba su bar ko ramin allura ba. Abin dariyar, in na kwashe kayana na koma gidansa ba aure, murhuna na nan daram har in mutu. Zaman da coci ke kira zunubi bai dame su ba, aure ne laifi.

Jiya Lahadin Dabino, mako ɗaya kafin Ista. Kowa ya fito coci da reshen zaitun a hannu, kuma rabin rassan daga gonar su Gaetano aka aiko su a kwali, kamar kowace shekara. Matan da ke kiransa mai kifi suna ta yi masa godiya. Ya sako kwat ɗinsa mai ruwan bula da ɗan wuyan ulu da na saƙa masa, wanda gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Muka bi hanyar bayan coci, ƙanƙara na narkewa tana tsiyaya daga rassa, taɓo na kama takalmi. Bai yi barkwancin da ya saba ba na cewa mutanen dutse ba su san hanya miƙaƙƙiya ba. Muka tsaya a gindin tsohon dandamalin, jikin wayar.

Shi ya fara. Ya ce akwai abin da ya so ya gaya mini bayan biki, don kada in ɗauka dalilin auren ke nan. Wa'adinsa a makarantarmu ya ƙare bana. An ba shi gurbi na dindindin, amma a kudu, kuma wanda ya karɓa sai ya yi shekara uku kafin ya nemi canji. Hanya ɗaya ce ta zama a nan, ya nuna yana da mata a yankin. Ranar Litinin ta bayan bikinmu ake rufe karɓar takardu, kuma sai da shaidar aure a haɗe. In muka ɗaga mako ɗaya, watan Satumba yana can, tafiyar awa goma sha ɗaya.

Na ji tausayinsa, na kama hannunsa. Sannan wani abu ya faɗo mini a rai.

"Barba ya san da wannan?"

Ya kalli dandamalin. Ya ce a watan Fabrairu Barba ya zo makaranta, ya jira shi a bakin ƙofa, ya kai shi shan kofi. Matar Barba ƙawar magatakardar makaranta ce, a Valmora kuwa ba a ɓoye ko tari. Barba ya ce masa abin kunya ne ƙauye ya rasa malami irinsa, ya ce zai shawo kan dangi, ya ce ga Asabar da ta dace.

"Ya gaya maka za a ɗage zaman?"

"Ya ce mai yiwuwa a ɗage."

"Zuwa yaushe?"

"Ban tambaya ba, Nives."

"Malamin lissafi. Ba ka tambaya ba."

"Ban tambaya ba don na san in na tambaya zan sani, in na sani kuma dole in gaya miki."

Na saki hannunsa. Na faɗi maganganu, ba zan maimaita muku duka ba. Na ce ya zama ɗan Valmora na gaske tun kafin a ɗaura, ya iya kallon takalminsa. Na ce an yi cinikina a kan kofi. Ya bar ni na gama, fuskarsa ta yi ja, sannan ya yi magana a hankali, abin da ya fi tsawa ciwo.

"Shekara uku duk Litinin ta Ista ina tsaye a bakin zauren nan cikin sanyi ina jiranki, kamar karen da aka ɗaure a ƙofar kanti. 'Ya'yan da za mu haifa, ko itacen wuta ɗaya ba za a ba su daga dajin nan ba. A kundinku baƙi ne su, a ƙauyen uwarsu. Yanzu kina so in tafi shekara uku domin itatuwan mutanen da ba sa iya faɗin sunana?"

Na ce itatuwan ba nasu ba ne su kaɗai, rafin da injin zai sha shi yaran ajinsa ke sha. Ya ce ya sani, ya karanta shafi goma sha biyun nan sau biyu, kuma ina da gaskiya a kowane layi. Ya ce shi dai bai san yadda ake auren mai gaskiya daga nisan awa goma sha ɗaya ba. Na ce shekara uku ba mutuwa ba ce. Ya tambaye ni ko na tabbata, in na tashi na yi magana, goma sha biyun nan za su jefa baƙi. Na buɗe baki in ce eh. Na tuna fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda 'ya'yansu ke aiki a otal, waɗanda ke gaishe da Barba da hannu biyu. Na rufe bakina.

Saura abu ɗaya da ban gaya muku ba. Kafin a ɗaura aure a nan sai ango da amarya sun je ofishin magajin gari sun sa hannu, a liƙa sanarwa ta yi kwanakinta a allo. Takardun Gaetano sun makara daga kudu, don haka yau Litinin ce rana ta ƙarshe da za mu sa hannu in ana son Asabar ɗin ta yiwu. Ƙarfe goma sha biyu ofishin ke rufewa. Jiya muna saukowa daga dandamalin Gaetano ya ce zai kasance a can ƙarfe goma sha ɗaya, ba zai kira ni ba, ba zai turo saƙo ba. Ya miƙo mini reshen zaitun ɗinsa, ya bi hanyar gidansa.

Yau da safe na sa kayan aikina, koren wando da takalmin daji, na sha kofi a tsaye. Mama na yanka biredi. Kafin in fita na yi wani abu da nake jin kunyar rubutawa. Na zaro katin shaidata daga jaka na tura shi ƙarƙashin kwandon biredi. Ba a sa hannu sai da shi. Na ce wa kaina zan je, zan tsaya a gaban magatakarda, zan laluba jaka in ce wayyo, na manta. In na hau gida ɗauko shi, sai in ja ƙafa har a rufe. Ba wanda zai ce Nives ta ƙi Gaetano, ba wanda zai ce ta sayar da daji. Mantuwa ce. Ni da na yi wata uku ina zagin mutanen garinmu kan ba sa iya faɗin eh ko a'a da bakinsu.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na ajiye mota a dandali. Ta dama ofishin magajin gari, ta hagu zauren Regola, tsakaninsu taku arba'in ne. Gaetano na tsaye a kan matakala da kwat ɗinsa mai ruwan bula, ya aske gemu, yana riƙe da fayil a ƙirji kamar ɗalibin da ya zo jarrabawa. Bai kalli motata ba, ko da yake na san ya ji ƙararta. A ƙofar gidan kofi Barba Egidio na tsaye da ƙaramin kofi a hannu, wai shan iska yake. Wayata ta yi ƙara sau ɗaya, Fulvio ne: "BAN CE KOMAI BA." Na kife ta a kan kujera.

Ina zaune ina maimaita yadda zan ce na manta, sai aka ƙwanƙwasa gilashi. Mama ce, da kwat ɗin zuwa coci a kan rigar girki, tana haki, don da ƙafa ta sauko. Na sauke gilashin. Ta miƙo hannu ta ajiye katin a kan cinyata, har da ɓurɓushin biredi a jikinsa.

Na ce mata ashe ita ma tana cikinsu, ta biyo ni har nan don kada in kuɓuce.

Ta sunkuyo har na ji ƙamshin kofi a numfashinta.

"Ban kawo don ki sa hannu ba. Na kawo don kada ki ce mantuwa ce. Shekara talatin ina mantuwa a garin nan, na san kamanninta. In za ki aure shi, ki hau ki aure shi. In za ki ƙi, ki hau ki faɗa masa da bakinki, yana kallonki."

Ta gyara wuyan kwat ɗinta, ta koma gefe ta tsaya, ta bar mini hanya. Agogon coci ya fara buga goma sha ɗaya. Gaetano ya juyo. Na ɗauki katin, na buɗe ƙofar motar.